Rediyon Mai Niƙa

Shagon Mai Niƙa yana kallon ƙofata, hanya ce kawai da kwata tsakaninmu. Na fi shekara talatin ina tashi da ƙarar injinta, ita kuwa ba ta taɓa jin ƙarar ba ko sau ɗaya. Kurma ce.

Ba haka aka haife ta ba. Sanƙarau ne ya kama ta lokacin da ta fara haɗa magana. Ta tashi daga ciwon, kunne bai tashi ba, 'yan kalmomin da ta iya kuma suka zube a hankali. A gidansu ba a dukanta, ba a hana ta abinci, amma ba a gaya mata komai. Sai dai ta ga mutane sun yi kwalliya sun fita, ko ta ga ana kuka ta tsaya tana duba fuskoki har ta gano wanda ya mutu. Wata gwaggonta ce ta gaji da ganin haka, ta kai ta makarantar kurame tana neman shekara goma. A can ta koyi maganar hannu, da karatu, da rubutu. Na taɓa tambayarta abin da ya fi burge ta a makarantar. Ta ce ashe ana iya zagi da hannu. Shi ta fara koya.

Da ta gama ta nemi aiki, ko shara ce a asibiti. Aka ce idan an kira ta ba za ta ji ba. Wani tsoho mai injin niƙa a layinmu ne ya ɗauke ta, ba don tausayi ba, sai don duk wanda ya ɗauka gudu yake saboda ƙara. Ita ƙara ba ta dame ta ba. Takalmi take cirewa ta tsaya kan siminti, ta tafin ƙafarta take sanin inji na lafiya ko bel ya saki. Da ƙarfin tsohon ya ƙare, ita ta karɓi shagon, da injin gari da na markaɗe.

Cikin shagon nan kowa kurma ne. Ko kin yi ihu ba mai jin ki. Mai son laushi ta murza yatsu, mai son ɓarza ta dunƙule hannu ta girgiza, a gane. A waje ne ake nuna mata bambanci. Ana ce mata Bebiya a gaban idonta. Mace za ta zo da robar wake, Mai Niƙa na tsaye gabanta, amma ta juyo wurina ta ce, "Ki ce mata kada ta cika ruwa." Da irin wannan aiken dole na koyi maganar hannu, har na zo ina hira da ita. Wasu kuma suna cewa bebaye akwai zuciya. Ni dai na san duk wanda ake yanke wa hukunci yana tsaye ba a tambaye shi ba, zai yi zuciya ko da kunnensa huɗu.

Kurame suna haɗuwa duk ƙarshen mako a harabar wata makaranta, a can ta samu miji. Mai fenti ne, dogo, mai sanyin hali, shi da kurumtarsa aka haife shi. Uwarsa, wadda kowa ke ce wa Hajiya, 'yar kasuwa ce mai sayar da yadi, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana son ɗan nan ƙwarai, amma irin son da ake wa yaron goye. Ita ke zaɓa masa riga, ita ke amsa tambaya idan an yi masa. Ta so ta aura masa mai ji, wadda za ta zame masa kunne. Wannan ne karo na farko da ya ƙi bin ta. Ya auri Mai Niƙa, suka tare a ɗakin da ke bayan shagon.

Da Mai Niƙa ta haihu, Hajiya ta zo barka. Kafin ta ɗauki jaririyar sai da ta saki farantin ƙarfe a ƙasa kusa da ita. Yarinya ta zabura ta tsala kuka. Hajiya ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah, har da 'yar rawa. Mai jego tana kwance tana kallo. Ba ta ji faɗuwar farantin ba, amma ta gane komai. Bayan an watse ta ce min, "Ta yi murna 'yata ba irina ba ce. Ni ma na yi murna. Amma ban yi rawa a gaban kowa ba."

Yarinyar ta tashi cikin ƙurar gari, kullum kanta fari, shi ya sa layi ya sa mata Hoda. Iyayen ba su yi wasa da ita ba. An gaya musu ƙarar inji na iya lalata mata kunne, sai Mai Fenti ya rufe ƙofar tsakiya da katako mai kauri, ya manna tsohuwar katifa a bayanta, ya fasa bango ya sa gilashi. Daga gaban inji Mai Niƙa tana ganin duk abin da ke cikin ɗakin. Hoda kuwa ta gane da wuri cewa kuka daga nesa ba ya kawo kowa. Idan tana son abu, zuwa take ta tsaya gaban gilashi ta nuna.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta rubuta musu cewa yaro ba ya magana sai yana jin magana. Suka je kasuwa suka sayo rediyo babba, mai batir. Mai shago ya kama musu tasha, suka kawo gida suka ɗora kan kabad. Ko a hanya ne maɓallin ya goce, ko wajen goge ƙura, Allah ne masani. Kowace safiya Mai Niƙa za ta kunna, ta ga jan haske, ta ɗora tafin hannu ta ji tana rawa, ta rufe wa Hoda ƙofa ta tayar da inji. Idan ta kashe inji sai ta kashe rediyo don kada batir ya ƙare. Saboda haka babu mai kunne da ya taɓa jin abin da rediyon nan ke faɗa sai yarinyar.

Hoda tana neman shekara uku, hannunta ya iya komai, bakinta bai iya komai ba. Idan an kai ta gidan kakarta sai ta maƙale jikin uwarta ta yi shiru. Hajiya ta ƙagu. Wata rana da hantsi ta zo ba sanarwa, ta bi ta ƙofar baya ta shiga ɗakin. Ba a jima ba sai ga ta a ƙofata, mayafi na jan ƙasa.

"Maƙwabciya, zo ki ji abin da nake ji. Ko kunnena ne ya fara bin nasu."

Na bi ta. Hoda tana zaune kan tabarma ta jera murafen kwalba. Rediyo na kan kabad tana huci, shuuu, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Ba mutum, ba waƙa. Yarinyar ta ɗago ta yi mana murmushi, ta tura baki ta yi shuuu, daidai da rediyon.

"Kin ji makarantar da suka sa jikata," in ji Hajiya. "Tana magana kamar tayar motar da ƙusa ta huda."

Mai Niƙa ta hango mu ta gilashi, ta kashe inji ta shigo tana karkaɗe zani. Ni ce zan yi mata bayani, kuma ban san ta inda zan fara ba, don ba ta san bambancin huci da magana ba. Na ce mata, "Ba kowa a ciki. Iska ce kawai." Ta ɗora hannu, ta kalle ni kamar na zauce, ga ta tana jin abin yana rawa. Na murza maɓalli har na kamo wani mutum yana karanta labarai, na mayar da hannunta. Ta tsaya. Magana tana bugawa tana tsayawa, huci kuwa a miƙe yake. Na ga lokacin da ta gane.

"Tun yaushe?" ta tambaye ni.

"Ke za ki gaya min."

Ta dunƙule hannu ta ƙwanƙwasa goshinta, wato wawuya. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi wanda za ta ɗora wa laifi ba. Ta juya wurin surukarta ta ce in gaya mata kuskure ne, kuma nata ne.

Hajiya ba ta tsaya jin fassara ba. Ta ce yarinya za ta koma hannunta.

Aka yi zama a kan bencin ƙofar gidana, da Hajiya, da ƙanen mijinta wanda suke ce wa Baffa, da iyayen yarinyar, ni kuma a tsakiya. Hajiya da Baffa suka yi ta magana tsakaninsu, masu 'ya suna kallon baki. Mai Fenti yana gyaɗa kai, don tun yana yaro abin da ya saba ke nan idan uwarsa na motsa baki. Sai da na ce su dakata in isar da saƙo, ba da bango suke zama ba.

Baffa ya gyara murya ya ce, "Ki gaya mata ba ƙwace ba ne, taimako ne. Idan yarinya ta yi baki, a dawo da ita."

Na gaya mata. Ta ce, "Idan ta yi baki ta manta hannu, da wa zan yi magana?"

"Ai uwa da 'ya ba sai da magana ba," in ji Hajiya.

"Na zauna a gidan da ba a magana da ni," Mai Niƙa ta ce. "Na san yadda yake. Ba zan zama baƙuwar 'yata ba."

Baffa ya ce a yi haƙuri, manya sun riga sun duba. Hajiya ta ce ko asibiti aka je, ko wurin hukuma, da rediyon nan kaɗai za a ba ta gaskiya. Wannan ban ji daɗin fassara shi ba, amma na fassara, don gaskiya ne, kuma gara ta sani. Wa zai saurari kurma a kan mai baki irin na Hajiya? Mai Niƙa ta daɗe tana kallon mijinta. Ya sunkuyar da kai. Sai ta ɗaga hannu ta ce to, a zo a ɗauka. Na yi mamakin saurin yardarta, don na san ta, ko kan kwanon masara ba ta sakin hujja da wuri haka.

Ranar da aka sa, Hajiya ta zo da tasi. Matan layi sun taru da robobinsu suna jiran a buɗe shago. Mai Niƙa ta fito da Hoda a kafaɗa, ta sa wa shago kwaɗo, ta miƙa wa direba jaka biyu, ta buɗe bayan mota ta shiga ta zauna, ta ɗora yarinyar kan cinya.

"Me take yi?" in ji Hajiya.

Na leƙa ta taga na tambaye ta. Ta amsa a natse, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ta ce kun ce yarinya na bukatar gidan masu magana, kuma gaskiya ne. Ta ce tana kuma bukatar uwarta. Ta ce mu je."

"Ni jikata na zo ɗauka, ba tawaga ba."

"To ki fito da ita, Hajiya. Ga ta nan."

Hajiya ta dubi matan layi, ta dubi hannun Mai Niƙa, hannun da ke ɗaga buhun masara shi kaɗai. Direba ya ce, "Mama, tafiya ko sauka? Rana na yi." Ta shiga gaba ta ja ƙofa. Kafin la'asar Mai Fenti ya ɗaura bokitan fentinsa a keke ya bi su.

Mutane suna zaton gidan kurame shiru ne. Wanda bai zauna da su ba ke nan. Ba sa jin ƙofa, don haka ba sa rufe ta a hankali. Kujera janta suke, tukunya dire ta suke, silifa kuwa kamar ana mari. Idan ɗaya na son kiran ɗaya, ƙasa yake bugawa da ƙafa. Gidan Hajiya gida ne mai tayil, da kabad cike da kwanukan tangaran da ba a cin abinci a ciki, ga ta da hawan jini, ga ta da barcin rana da ba ta fashi. Mai Niƙa ba ta zauna a banza ba. Ita ke shara, ita ke wanke-wanke, ita ke girki, cikin ladabi, har da durƙusawa. Kowane aiki da ƙararsa.

Ƙarshen mako na zagayowa, kuramen harabar makaranta suka ji inda 'yan'uwansu suka koma, suka zo gaisuwa. Sun zo da lemo da sabulu, sun cire takalma a ƙofa, sun gaida Hajiya da girmamawa, sannan suka cika falo. Mako na biye suka dawo, sun ƙaru. A na ukun Hajiya ta aiko a kira ni.

Na tarar da ita a kujerar kusurwa ta ɗaure kai da ɗankwali. Falo ya cika da hannuwa. Wani tela yana buga tebur don a kalle shi, wata mai kitso tana kunna fitila tana kashewa don ta karɓi magana, ana ta dariya irin ta wanda bai taɓa jin dariyarsa ba.

"Ina zaune a falona kamar fulawar roba," in ji Hajiya. "Su yi dariya, ban san ko da ni suke ba."

"Haka ɗanki ya zauna a falon nan tun yana yaro."

"Ban kira ki wa'azi ba."

Hoda tana tsakiyar tabarma a tsaye, duk idanu a kanta. 'Yan yatsunta na tafiya ba tsayawa, ta kumbura kumatu, ta kwantar da kai, ta buɗe baki. Falo ya kwashe da dariya, tela har da riƙe ciki.

"Me take ce musu?"

"Ba lallai ki ji ba, Hajiya."

"Faɗa min."

"Tana cewa kakarta ma tana da inji. Wai a hanci yake, da rana kike tayar da shi, kuma ba ya niƙa komai."

Hajiya ta gyara ɗankwali. Ta ce, "Ni ba na minshari." Sannan ta daɗe tana kallon yarinyar. "Duk wannan ita ta haɗa? Da kanta?"

"Tun da na shigo ba ta yi shiru ba. Surutunta irin naki ne, hanya ce kawai daban."

Baƙi suka tafi. Hajiya ta kira ni ɗakinta, ta haɗiye ƙwayar hawan jini, ta ce, "Ki ce musu su koma."

"Da yarinyar?"

"Idan na riƙe yarinyar, uwar za ta tafi?"

"A'a."

"To me kike tambayata?"

Na kai saƙo. Na zaci Mai Niƙa za ta ɗauki jaka kawai, amma sai ta zo ta durƙusa gaban surukarta ta ce ita ma tana da magana. Ta ce maganar Hajiya ta farko tana nan, Hoda na bukatar baki, kuma ita ba ta da shi. Rediyo ba za ta ƙara yarda da ita ba, tunda ba ta iya ganin abin da ke ciki. Mutum take so. Idan Hajiya na son jikarta ta yi magana, ta riƙa zuwa tana yi mata.

"Wato ni ce sabuwar rediyon," in ji Hajiya.

Na fassara. Mai Niƙa ta ce ƙwarai, kuma wannan ba ta cin batir.

Da suka dawo, Mai Niƙa ta ɗauke bencin masu jiran layi daga gaban shago ta kai shi baya, bakin ƙofar ɗaki, inda ƙarar inji ba ta hana hira. Duk mai son niƙa a nan za ta jira, Hoda na zaune a tsakiya. Hajiya ta fara zuwa tana ƙunƙuni, daga baya ta lura benci cike yake da mata, sai ta riƙa zuwa da yadi tana sayarwa. Bakin Hoda ya buɗe a wannan benci, kuma abin da ake faɗa a benci ta koya. Kafin ta iya gaisuwa ta iya "ina ruwanki" da "wallahi ba ni na faɗa ba". Hajiya ta yi ta gyara har aka sa Hoda makaranta.

Hajiya ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta koyi maganar hannu ba, in ban da "zo", da "ci", da "bari". Layi ma bai canza sosai ba. Har yau akwai masu zuwa su ce min in ce mata. Ni kuma in ce ga ta nan, hannunku ba a ɗaure yake ba. Hoda dai a ɗakin bayan shago ta girma har ta yi aure. Idan ta zo da 'ya'yanta, ita da uwarta sukan zauna su yi ta gulmar mutane a gaban idonsu, ba mai ganewa sai ni.

Mai Niƙa ta manyanta yanzu, ta daina ɗaga buhu, amma ba ta barin kowa ya taɓa mata bel ɗin inji. Bayan rasuwar Hajiya na taɓa tambayarta abin da ya daɗe a raina. Na ce zaman nan da kuka yi a gidan tsohuwa, jan kujera, da dire tukunya, da gayyar ƙarshen mako, da gangan ne?

Ta kalle ni, fuska a ɗaure. Ta ce, "An yi ƙara ne? Ni ban ji komai ba."